Talatar da Na Hau Bas Saboda Jirgin Sama'ila

Hindatu, idan kin girma za ki ji wannan labari a bakin Hajiya Barira, don ba ta zuwa suna ko biki a nan Greensboro ta Amurka ta tashi ba ta ba da shi ba. Ita a wajenta abin dariya ne, wai uwarki ta ƙi komawa Nijar saboda fim ɗin mutanen sama. Ba ƙarya take yi ba, amma ba ta cikin bas ɗin, kuma ba ita aka nuna wa bindiga ba. Shi ya sa nake rubuta miki tun yanzu da kike rarrafe, tun ban manta tsoron da na ji ba. Gaskiya ma har yau bai gama sakina ba.

Lokacin cikinki bai ko fito ba. Ina aiki a wani kantin kayan abincin Afirka a High Point Road, kusa da afatmen ɗinmu, ni ke zama wajen na'urar karɓar kuɗi. Wata rana bayan azahar, kantin ba kowa sai ni da warin busasshen kifi, ƙararrawar ƙofa ta kaɗa, wani mutum ya shigo da rigar sanyi mai hula, ya ja hular har ta rufe masa goshi. Na yi masa sannu da zuwa da ɗan Ingilishina na kwalej. Ya ɗora bindiga a kan tebur, bakinta na kallon cikina. Ban san me ya ce ba, ban san yadda na buɗe masa akwatin kuɗin ba. Abin da na sani, da ya fita na tarar da zanena a jiƙe, kuma na kasa sakin gefen tebur sai da mai kantin ya zo ya ɓamɓare mini yatsu. Mutumin bai taɓa ni ba. Kowa abin da yake ta faɗa mini ke nan, ai bai taɓa ki ba, ki gode Allah. Na gode Allah, amma daga ranar ban sake taka ƙofar gida ba.

Babanki Lawali ya yi iya ƙoƙarinsa. A sito yake aiki, inda ake ɗora kujeru da gadaje a manyan motoci, yana dawowa a gajiye ya yi cefane, ya fitar da shara, ya zauna yana lallashina in sauka ko bene ne mu sha iska. Ina kai hannu ga ƙofa sai in juyo in koma in zauna. Ranar ganin likitar ciki ta zo ta wuce. Hajiya Barira, wadda 'yar'uwar Innata ce kuma ita ce uwata a garin nan, tana rufe shagon kitsonta ta zo da rubutu da turaren wuta da faɗa, duk a jaka ɗaya. Da ta ga ba abin da ya canza, wata Lahadi ta zaunar da babanki a gabana. Ta ce za ta je gida ta yi 'yan watanni, kuma ba za ta bar ni haka ba.

"Lawali, yarinyar nan ba ta da lafiya. Haihuwar fari dama a gaban uwa ake yin ta. Ka sayi biyen jirgi, in kai ta Maradi."

Babanki ya ce to. Ban ga laifinsa ba, amma na san abin da wannan to ɗin ke nufi. Takardunmu ba su kammala ba. Na san matan da suka tafi haihuwa gida, 'ya'yansu har sun shiga lakwal, wato makarantar boko, a can, mazansu na nan suna aika hoto. Idan na hau jirgin nan, ban san shekarar da zan sake ganin babanki ba, ke kuma za ki san shi a matsayin murya cikin waya. Na so in ce a'a. Amma wadda ba ta iya sauka bene da wane baki za ta yi gardama? Hajiya ta kira Inna ta gaya mata, aka ce Inna har ta sa an yi wa ɗakina sabon shafe.

Cikin wannan hali nake wata rana da hantsi, ina kwance, tele, wato talabijin, na ta surutu don kawai kada gidan ya yi shiru, sai na ji wani kiɗa. Kafin in gane ko mene ne, na tashi zaune. Talla ce. Ga jirgin nan yana ratsa taurari, da dogon wuyansa da fitilunsa, ga kyaftin ɗin yana tsaye ya goya hannu a baya. Wai an gyara tsohon shirin, launinsa ya fito tas, za a fitar da shi a faifan DVD, kashi na farko ranar wata Talata cikin watan gobe. Ni kaɗai a ɗaki na ce, Sama'ila. Har na tafa hannu.

Bari in gaya miki ko wane ne Sama'ila. Kakanki tela ne, kuma shi ya fara sayen tele a lungunmu a Maradi, ƙarama, baƙi da fari, da batirin mota ake kunna ta. Bayan magariba sai ya fito da ita ƙofar gida ya ɗora a kan benci, yara a ƙasa, manya a kan tabarma, mata na leƙe daga zaure. Shirin da Faransanci yake zuwa, mutane da yawa ba su ji, don haka Baba ke tsayawa gefen tele yana fassarawa, yana canza murya, yana nuni da almakashi. Shi ya raɗa wa kowa suna. Kyaftin ya zama Sama'ila, mutumin ƙarfen da ke binsa ya zama Ɗan Tasa, matar nan mai farin gashi ta zama Hajiya Azurfa, yayar Sama'ila da ba ta raga masa. A bakin Baba, rijiyoyin garinsu ne suka ƙafe, suka hau jirgi suna bin taurari suna neman ruwa. Idan wani dodo ya fito, mai ido a goshi ko jiki kamar kada, yara suka fara ja da baya, sai Baba ya matsa kusa da gilashin ya ƙura masa ido, ya ce, af, wannan ai Ilu mahauci ne, ya tashi kasuwa bai sayar da kai da ƙafa ba. Sai lungu ya ɗauki dariya, har da Ilun kansa idan yana wurin. Haka muka yi ta kallo har wata shekara gidan tele ya daina sa shirin ba tare da ya ce wa kowa komai ba. Har na bar Maradi, akwai masu kawo ɗinki su tambayi Baba ko su Sama'ila sun sami ruwan.

Da babanki ya dawo ya tarar na dafa shinkafa da miyar kuɓewa, ina rera kiɗan da baki. Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu yana kallona. Na sa ya ba ni katin waya, na kankare, na kira Maradi. Baba bai gane ba da farko, sai da na yi masa kiɗan cikin waya. Sai na ji yana kiran yaran shago.

"Ɗiyata, da launi kika ce? Rigar Sama'ila wane launi gare ta? Shekara nawa ina cewa shuɗiya ce, Malam Habu maƙwabcinmu na cewa ja."

Na ce ban lura ba, tallar ta yi sauri. Ya ce in zauna gaban tele kada in motsa sai ta sake zuwa.

Makonnin nan ban taɓa jiran abu kamar yadda na jira Talatar nan ba. Tallar ta sake zuwa, rigar ruwan ƙasa ce, Baba da Malam Habu duk sun faɗi. Duk kiran da na yi akwai sabon labari. An samo na'urar faifai wajen wani ɗan kwastan mai ritaya, an ce za a ara. An gyara bencin. Ilu mahauci ya tsufa, ba ya gani sosai, amma ya ce a ajiye masa wuri a gaba. Babanki ya nemo wani ƙaramin kantin tsofaffin finafinai wajen Glenwood, kusa da jami'a, ya kira su, mai kantin ya ce kaɗan ya yi oda amma zai ajiye mana ɗaya har lokacin tashinsa ranar Talatar. Hajiya Barira ta ce ba ta taɓa ganin shirme irin wannan ba, amma ta yarda za ta sa akwatin faifan a balis ɗinta, wato jakarta ta tafiya, tunda dai ni ma ina cikin kayan. Wannan maganar ce kawai ke ɓata mini murna. A Maradi, kowa ya ɗauka ni zan kawo faifan da hannuna. An tsayar cewa babanki zai biya biyen a makon.

Ranar Talatar da safe aka kira babanki daga sito, wani bai zo ba, sai ya haɗa shif biyu. Ya ce in yi haƙuri, zai kira mai kantin ya roƙe shi. Ya kira, ba a ɗauka ba, ya fita da gudu da mota. Na kira Hajiya, ta ce tana da kai uku a gabanta, kuma ko ba ta da ko ɗaya ba za ta ƙona mai don Ɗan Tasa ba. Na zauna. Na tashi. Na yi alwala, na sake zama. Sai tallar ta zo, wannan karon an rubuta cewa ya fito yau. Ban yanke shawara ba, Hindatu, kada wani ya gaya miki jarumta na yi. Na dai ga kaina da hijabi da takalmi, ina riƙe da ƙarfen bene da hannu biyu, ina sauka kamar tsohuwa. Hasken waje ya soke mini ido. Na bi gefen wurin sayar da motoci, tutocinsu na kaɗawa, na tsaya a tashar bas ina karanta duk abin da na iya. Da bas ta zo na zauna daf da bayan direba, na rungume jakata a kan cikina.

A difo na cikin gari ake canza bas. Na sami ta Glenwood, na zauna, har na fara jin kamar zan iya. Ana shirin rufe ƙofa wani ƙato ya shigo da rigar sanyi mai hula, hular a kansa, hannayensa cikin aljihu. Ya zauna a kujerar da ke gabana. Warin busasshen kifi ya cika mini hanci, alhali babu kifi a bas ɗin. Ina so in sauka, bas ta riga ta tashi. Ban san daga ina abin ya zo ba, sai na ji bakina yana motsi da muryar Baba. Na ce, af, wannan ai Ilu mahauci ne. Ya tashi kasuwa bai sayar da kai da ƙafa ba, shi ya sa ya ɗaure fuska. Na dubi wata tsohuwar Baturiya da ke riƙe da lema, na ce ga Gwaggo Tabawa za ta kai ƙarar surukarta wajen mai unguwa. Na koma kan ƙaton na ce, dubi wuyansa, duk kitsen da ya hana mutane shi ya shanye. Ni a tunanina cikin zuciya nake yi, ko kuma raɗa. Ko da ma an ji, wa zai gane Hausa a bas ɗin Amurka? Sai ƙaton ya juyo a hankali, ya zame hular.

"Anti, wallahi ni ba mahauci ba. Wanki nake yi a otel. Amma wuyan, gaskiya ka faɗa."

Mutumin Kumasi ne, ɗan zango, Hausarsu ba ta raba ka da ki. Ya yi ta dariya har yana buga kujera, ni kuma na rufe fuska da hijabi, ban san ko kuka nake ko dariya ba, ina jin duka biyun ne. Ya ce matarsa ma kullum maganar wuyan nan take, zai gaya mata an sami mai goya mata baya daga Nijar. Ya tambayi inda za ni, na gaya masa, ya ce ya san kantin. Da muka kusa ya ja mini igiyar tsayawa, ya ce in sauka in bi hannun dama, ba nisa koraa, wato ko kaɗan. Ban tambayi sunansa ba, kunya ba ta bar ni ba.

Kantin na tsakanin wasu tsofaffin ƙananan gidaje, kekunan 'yan jami'a a ɗaure a gaba. Ta gilashi na hango akwatunan a jere a kan tebur, jirgin a jikinsu. Sai na ga ƙararrawa a rataye a hannun ƙofa, irin ta kantinmu sak. Na daɗe a tsaye. Daga baya na tura ƙofar kaɗan kaɗan, na zura hannu na damƙe ƙararrawar don kada ta yi magana, na shiga da ita a tafina. Mai kantin, wani dattijo mai furfura da ya ɗaure gashinsa a ƙeya, ya ga abin da na yi, ya tambayi abin da nake nema. Na faɗi sunan babanki, ya sunkuya ya ɗauko akwatin daga ƙarƙashin tebur ya ɗora mini a hannu. Yana da nauyi, yana ƙyalli, ga Sama'ila da Ɗan Tasa da Hajiya Azurfa, ashe idonta kore ne. Na tambaye shi ko akwai Faransanci a ciki. Ya juya bayan akwatin ya karanta, ya girgiza kai. Ga shi kuma Baba ba ya jin Ingilishi ko kalma ɗaya. Amma ban iya mayar da shi ba. Ya tambaye ni inda na san shirin, na ce masa a Afirka, a kan benci, da batirin mota. Dattijon nan ya dafe ƙirji, ya fara rera kiɗan, ni kuma na ƙarasa masa. Da zan fita na manta da ƙararrawar, ta kaɗa a bayana, na zabura har akwatin ya kusa faɗuwa. Na dai riƙe shi.

Da na dawo gida ko hijabi ban cire ba na sa faifan farko. Ina kallo ina murna, ina kallo ina mamaki. Ingilishina ya isa in gane cewa babu maganar rijiya ko ɗaya. Mutanen nan masu bincike ne, taswirar taurari suke zanawa. Hajiya Azurfa ba yayar kowa ba ce, ma'aikaciya ce a ƙarƙashin kyaftin, har tana sara masa. A nan babanki da Hajiya Barira suka same ni da yamma, sun haɗu a ƙofa, ita ta zo ne a kan maganar biye. Babanki ya dubi tele, ya dubi akwatin, ya tambayi wanda ya kawo. Na nuna masa takardar canjin bas da har lokacin take naɗe a hannuna. Kafin ƙarfin ya gudu na ce musu ba ni zuwa Maradi. Hajiya ta ajiye jakarta.

"Likita kin ƙi zuwa. Sunan 'yar Zali kin ƙi zuwa. Amma don ɗan gwangwani kin ratsa gari da ciki, ke kaɗai. Zuwaira, ke lafiyarki ƙalau, mu kika mayar mahaukata."

Na ce mata ba lafiyata ƙalau ba. Babanki ya tsuguna gabana ya tambaye ni ko na ji tsoro, na ce har yanzu ina ji. Ya riƙe hannuna. Na ce amma gobe zan je wajen likita da bas, jibi ma in akwai inda za a aike ni zan je, ko da tsoron bai sake ni ba. Ya juya ya ce, Hajiya, a bar maganar biyen nan. Hajiya ta ce ta ji, amma ba ita za ta gaya wa Inna ba. Wadda ta iya hawa bas ta iya buɗe baki.

Washegari bayan na dawo daga asibiti ta zo ta zauna kusa da ni, ta kankare katin da kanta. Baba ya ɗauka, yana gida, ina jin ƙarar turmi a bayansa. Na fara da mai sauƙin, na ce faifan ya samu amma babu Faransanci. Ya yi dariya har da tari.

"Ɗiyata, ai ko da can ba Faransancin nake bi ba. Suna sauri da yawa. Fuskokinsu nake kallo."

Ya ce in dai ina zaune kusa da shi, in ya ɓata sai in taɓa shi da ƙafa. A nan na gaya masa. Na ce Hajiya ce za ta kawo, ni ina nan, a nan zan haihu. Ƙarar turmin ta tsaya. Baba ya ce Allah ya sa haka ne alheri, ya tambaya ko Lawali ne ya hana. Na ce ni ce. Ya ce ga Innarki, na ji yana miƙa mata, na ji ta ƙi karɓa. Ba ta karɓi wayata ba har bayan an haife ki, kuma har yau ba ta ɗauke ki a hannunta ba. Wannan ni na jawo, ba babanki ba, ba Hajiya ba. Amma a ranar, muryarta ta zo daga nesa, da Baba take magana kamar ba ni a kan layi.

"Ka tambaye ta wa zai yi mata wankan jego a can. Turawan?"

Hajiya Barira, wadda tun jiya ba ta yi mini kallon kirki ba, ta fizge wayar daga kunnena. Ta ce wa Baba ya gaya wa Yaya ita ba ta mutu ba, za ta dawo kafin watan haihuwa, kuma ko a bahon Turawa ne sai ta gasa ni yadda aka gasa kowa. Can sai muka ji Inna ta sake ɗaukar taɓarya, tana cewa Baba ya gaya wa Barira ta bar wuri a balis idan za ta dawo, za ta ba ta kanwa da ganyen wanka, kada ta yarda ta yi wa 'yarta da na can.